Gangare, Inda Ruwa Ke Sauke Kaya

Kalmar gangare tana cikin kalmomin da Bahaushe ke furtawa kullum ba tare da ya tsaya ya dube su ba. Daga gangara ta fito, kuma danginta suna da yawa: mutum ya gangara rafi, ya gangaro gida da yamma, yaro ya gangarar da taya, ruwan sama ya nemi magangara. Duk inda ƙasa ta sunkuyar da kai gangare ne. Sai dai akwai wani abu a cikinta da ya cancanci a lura da shi, wato ma'anarta ba ta tsayawa sai an san inda mai magana yake tsaye. Wanda ke sama shi ke ganin gangare. Wanda ke ƙasa, in ya ɗaga kai ya dubi hanyar nan dai, hawa yake gani, har ya fara tausayin gwiwoyinsa. Saboda haka duk wanda ya fara kiran wannan tsohuwar unguwa ta tsakiyar Jos da suna Gangare ya bar mana labari biyu ba da niyya ba: da Hausa yake magana, kuma daga sama ya hango wurin. Bai faɗi sunansa ba, bai ce filin nasa ne ba, bai kuma ce na wani ne ba. A ganina iyakar abin da sunan wuri ke iya bayarwa ke nan, shaidar cewa wasu mutane sun zauna a nan har harshensu ya kama ƙasar. Shaida ce mai nauyi wadda bai kamata a raina ta ba. Amma a Jos an ɗora wa sunaye kayan da ba nasu ba, an mai da su takardun mallaka, kowane ɓangare yana ɗaga nasa a gaban kwamitin bincike, kuma a nan ne magana ta karkace.

Kafin a zo kan mutane a fara da dutse da ruwa, domin su suka riga kowa. Jos tana zaune a kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere kuma suna gabas da ita sun ɗara ta tsayi. A cikin irin waɗannan duwatsu kuza take. Shekaru aru-aru ruwa na cin dutsen, yana kwasar ɓarɓashinsa yana gangarawa da shi. Yashi mara nauyi ya wuce gaba, kuza kuwa, da yake baƙa ce mai nauyi, sai ta nutse ta kwanta a gindin rafi da tsofaffin hanyoyin ruwa. Shi ya sa mai neman kuza gangarawa yake yi, kuma shi ya sa aikin tun asali aikin wanki ne: a haƙo ƙasa, a zuba a ƙwarya ko kwano, a yi ta rairaya a cikin ruwa har baƙin ya zauna. Masu narka ta na Ririwai da Liruwen Dalma sun san wannan tun kafin Bature ya zo, suna fitar da ita siraran sanduna kamar tsinke suna kaiwa kasuwa. Arzikin tsaunin a gangarensa yake taruwa, kuma abin da ruwa ya yi wa kuza shi kuza ta yi wa mutane, ta kwaso su daga nesa ta sauke su a bakin rafuka irin su Dilimi.

Kamfanin Neja ne ya turo injiniyansa Laws, wanda ya kafa sansani a Naraguta wajen 1904, kuma kafin shekara goma ta cika kamfanoni sun mamaye tsaunin. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, wajen 1915 aka shata garin Jos, a 1927 kuma babban layin dogo ya shigo ta Kafanchan ya haɗa tsaunin da kwal ɗin Inugu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Leburori suka kwararo daga ƙasar Kano da Zazzau da Bauchi da Barno da Sakkwato, wasu neman kuɗin haraji, wasu cin rani, wasu kuɗin aure. Akawuna da masu sana'a suka zo daga Kudu, Yarbawa da Ibo da Urhobo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babban wurin da take samun kuza, sai ta koma kwasar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa. Abin da aka riƙa kira diban gwamna ke nan, kuma da yawa daga cikinsu sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cuta suka kashe su. Abin lura shi ne kusan babu wanda ya zo da niyyar zama, kuma kalmar da aka ba wuraren kwanansu ta nuna haka. Bariki daga Turanci aka aro ta, asalinta masaukin soja, sai ta zama sunan duk wani wuri da ba na gargajiya ba, inda ba a tambayar mutum ɗan gidan wa, har ɗan bariki ya zama zagi a bakin dattawan birni, wato wanda ya fita daga idon dangi. Ga shi yau Barikin Ladi hedikwatar ƙaramar hukuma ce, da makarantunta da maƙabartunta. Haka zango ya yi a Kumasi da Akra: kalmar da ke nufin inda ayari ke sauke kaya ya kwana ɗaya ko biyu ta zama sunan unguwar da aka haifi kakanni a cikinta. Kalma takan riƙe niyyar farko daram, ko da masu niyyar sun daɗe da sake shawara.

Jerin mazaɓun ƙaramar hukumar Jos ta Arewa littafi ne ga mai son karantawa. Akwai Gangare, akwai Ali Kazaure da Ibrahim Katsina da Garba Daho da Abba Na Shehu da Sarkin Arab, akwai Naraguta da Jos Jarawa da Jenta, akwai Tudun Wada da Kabong a haɗe, har da Vanderpuye, wanda sunan dangi ne sananne a Akra. A dubi Ali Kazaure da Ibrahim Katsina. Al'adar Hausa ce a liƙa wa mutum sunan garinsu, kuma ba a cika yin haka ba sai ya bar garin, domin a cikin Kazaure kowa ɗan Kazaure ne. Sunayen nan biyu suna faɗa da bakinsu cewa masu su daga wani wuri suka taso. To a dubi Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015. Iyayensa zuwa suka yi, shi kuwa duk inda ya je a duniya garin da aka liƙa masa Jos ne, babu wani. Tsakanin Ali Kazaure da Ɗan Maraya Jos akwai tafiyar da ba da ƙafa aka yi ta ba, inda garin da aka je nema ya koma garin da aka fito. Daga nan kalmar Jasawa ba ta da nisa, domin harshen ya riga ya tanadi ma'auninta: Kanawa, Katsinawa, Zazzagawa, Sakkwatawa. Ƙungiyar ci gaban Jasawa da aka kafa a 1987 ita ta shigar da kalmar fagen siyasa, masu adawa da ita suka ce ƙirƙira ce. Ƙirƙira ce mana, Kanawa ma akwai ranar da aka fara faɗarta. Abin tambaya shi ne ko akwai mutanen da kalmar ta dace da su, kuma akwai: jikokin Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa waɗanda aure da masallaci da kasuwa suka cakuɗa su, har babu sunan da zai tattara su sai sunan garin.

A nan ne wani zai yi saurin cewa magana ta ƙare. Tunda Gangare da Dogon Dutse da Unguwar Rogo da Gada Biyu da Daɗin Kowa duk Hausa ne, ai Hausawa ne suka kafa gari, gari kuwa na wanda ya kafa shi ne. Ana ƙarfafa wannan hujja da jerin shugabannin Hausawa da suka riƙe garin, tun daga masu sarautar Bunu da Barde da aka turo daga Bauchi har zuwa masu laƙabin Sarkin Jos a shekarun 1940, kafin Rwang Pam ya zama sarkin Birom a 1947, sarautar da ta zama Gbong Gwom Jos. Jerin yana da tushe, amma sunayen unguwanni ba za su iya ɗaukar nauyin da aka ɗora musu ba. Hausa ita ce harshen bariki. Da ita Bature ke ba da umarni, da ita helima ke kiran suna ranar biya, da ita Tibi da Ngas da Babarbare ke ciniki a kasuwa. 'Yan mishan ma da ita suka yi wa'azi: an kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, kuma babbar cocin tsaunin, wadda yanzu ake kira COCIN, ta daɗe tana amsa sunan Ekklisiyar Kristi a Nijeriya. Mai kunne ma zai ji shaidar a cikin sunayen kansu. Mutanen Jos Farin Gada suke cewa, alhali gada mace ce, Bakano ko Basakkwace da Farar Gada zai ce. Wannan ɗan tuntuɓen nahawu alama ce ta Hausar da ta ratsa bakunan mutane masu wasu harsunan a gida, har ta zubar da bambancin jinsi a hanya. Tudun Wada ta Jos sunan Hausa gare ta, amma yawancin mazaunanta yau Kiristoci ne. Sunan Hausa yana tabbatar da cewa Hausa ce ta yi rinjaye a bakin mutane ranar da aka raɗa shi, bai tabbatar da cewa filin babu mai shi a daren da ya gabata ba. Ga wasu sunayen kuma a gefe suna ba da tasu shaidar: Gwong, Kabong, Gyel, Du, da Naraguta kanta, wadda sunan Anaguta ke cikinta ƙuru-ƙuru. Birom da Anaguta da Afizere suna noman acca a wannan tsauni, suna binne matattunsu a cikinsa, tun kafin a san kuza za ta yi kuɗi, kuma dawakin Bauchi da Zazzau ba su iya mallake samansa ba. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Ko sunan Jos ɗin ma ba a daidaita a kansa ba. Wasu sun ce daga Gwosh ne, ƙauyen da aka tarar, Hausawa suka lanƙwasa shi zuwa Jas, Bature ya rubuta Jos. Birom suna danganta shi da kalmarsu Jot, ta maɓuɓɓugar ruwa. Wasu masu ibada kuma sun mai da harufan uku taƙaitawar wata jimlar Turanci ta yabon Almasihu, wanda wannan kam daga baya aka ƙaga shi. Kowane bayani yana da mai amfana da shi, kuma wannan kaɗai ya isa a yi taka-tsantsan da ilmin asalin kalma idan an jawo shi gaban alƙali.

Ɗaya ɓangaren yana da tasa hujjar, kuma ita ma da Hausa ake iya faɗarta: baƙo raɓa ne. Wanda kuza ta kawo, in kuza ta ƙare sai ya kama hanya. Bai kamata a yi wa wannan magana dariya ba, domin akwai ciwo na gaske a ƙarƙashinta. Dokar Turawa ta mai da ma'adinai mallakar gwamnati, kamfanoni suka karɓi gonaki da diyya ƙalilan, suka juye ƙasar noma, suka bar tsibin jar ƙasa da kududdufai masu zurfi waɗanda har yau suke cin mutane da dabbobi. Mutumin da ya ga gonar kakansa ta zama rami, ya ga an kafa gari a gefenta da harshen da ba nasa ba, aka kuma naɗa wa garin shugaba daga wani wuri, ba za a ce don ya ji haushi ya yi rashin hankali ba. Amma karin maganar da kanta tana ƙaryata amfanin da ake yi da ita. Raɓa ana ce mata raɓa ne saboda hantsi na ɗauke ta. Abin da ya kwana shekara ɗari yana nan ya tashi daga raɓa, ko me aka ga dama a kira shi. Ƙaramin jirgin Zariya an daina shi tun 1957, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni sun riga sun fara tattara nasu ya nasu tun kafin nan, amma Gangare ba ta watse ba, cika ta ƙara yi. Idan dalilin zuwa ya mutu mutane suka ci gaba da zama, to wani abu ne daban ke riƙe da su: gidan gado, makarantar allo, surukai, rumfar kasuwa, da kaburbura. A Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 a ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma baƙon kwana biyu ba ya dasa irin wannan bishiya. Mai cewa su koma gida ya manta da wata karin maganar, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Jikan leburan da ya taso daga wani ƙauyen Kazaure a 1920, in ya je can yau, sai an tambaye shi gidan wa yake nema, kuma kafin ya gama gaisuwa Hausarsa ta tona shi cewa ɗan Jos ne.

Gindin sarƙaƙiyar, a nawa hangen, yana cikin wata kalma da kowane gangare ke kaiwa gare ta, wato ƙasa. Kalma ɗaya ce Hausa ta ba aiki uku: ƙasa ita ce turɓayar da ake nomawa, ita ce kishiyar sama, ita ce kuma Nijeriya. Saboda haka ɗan ƙasa mutum biyu ne. A labaran rediyo ɗan ƙasa shi ne mai fasfo da katin zaɓe, wanda tsarin mulki ya ba damar zama ko'ina a Nijeriya. A bakin mutanen Jos kuwa 'yan ƙasa su ne ƙabilun da aka tarar. Mutumin Gangare ɗan ƙasa ne da ma'ana ta farko, ba a ɗauke shi ɗan ƙasa ba da ta biyu, kuma yakan yi amfani da kalmar a ma'anonin biyu a zama ɗaya ba tare da wani abu ya soke shi ba. Turawa ma sun ƙara dagula ta, domin da suka raba Jos biyu, ɓangaren Bature da ɓangaren En'e, ɓangaren da Hausawa suka fi yawa shi suka rubuta a takardunsu da sunan garin 'yan ƙasa. Da abin ya tsaya a hira da babu laifi, harshe ya saba da irin wannan. Hukuma ce ta shigo ta mai da ma'ana ta biyu takarda. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, sun shigo da maganar ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, ba su kuma fayyace wace al'umma ce ta asali ba, balle shekara nawa ake yi kafin a zama ita. Aka bar wa shugabannin ƙananan hukumomi su sa hannu a takardar ɗan asali ko su ƙi. Da wannan takarda ake neman gurbin karatu da tallafinsa, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda. Tun ranar da tambayar inda kakan mutum ya fito ta koma tambayar ko ɗansa zai sami aiki, kujerar shugaban ƙaramar hukuma ta zama abin a mutu a kai. Gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991, 'yan ƙasa suka ɗauka an yanka wa Hausawa nasu yankin ne. Ranar 12 ga Afrilun 1994 rikici ya tashi a kan naɗin Aminu Mato shugaban riƙo. Na 7 ga Satumban 2001 ya ci rayuka kusan 1,000 cikin mako guda, na Nuwamban 2008 ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar, na Janairun 2010 ya bazu har ƙauyuka. Kwamitocin Fiberesima da Niki Tobi da Ajibola duk sun zauna, kowanne an tula masa taswirori da sunaye da jerin sarakuna.

Abin da waɗannan shekaru suka yi wa sunayen unguwanni shi ya fi damun mai nazarin kalma. Da can in an ce Gangare ana gaya maka yadda ƙasa ta kwanta ne. Daga baya ta zama adireshi, sannan mazaɓa a takardar hukumar zaɓe. Bayan 2001 sunayen unguwannin Jos suka ɗauki wata ma'ana da babu ƙamus ɗin da ya rubuta ta, wato wurin da wani zai iya kwana, wani kuma ba zai iya ba. Mutane sun sayar da gidaje, wasu sun yi musaya, Kirista ya fita daga Unguwar Rogo, Musulmi ya fita daga Unguwar Rukuba, kowa ya nufi inda nasa suka fi yawa. In gari ya ɗauki zafi, mai keke Napep yakan ji sunan unguwa ya auna kafin ya ce hau. Babbar kasuwar Taminus, inda kowa ke gogayya da kowa, ta ƙone a Fabrairun 2002, ciniki ya watsu zuwa bakin titi da ƙananan kasuwanni, da yawansu kowacce da irin mutanenta. Sai kuma aka shiga gyaran sunaye: Barikin Ladi a bakin Birom da yawa Gwol ce, Kwango Rasha kuma Chwelnyap. Ban ga laifin mutum ya farfaɗo da sunan da kakanninsa suka sani ba. Wuri ɗaya yana iya amsa kira biyu, kamar yadda mace ke amsa sunan yanka a gidansu, ta amsa wanda surukai suka sa mata a gidan miji, babu wanda ya ce ta zama mutum biyu. Inda nake ja shi ne idan an ɗauko tsohon suna don a shafe sabo, ko an riƙe sabo don a ce tsohon bai taɓa kasancewa ba, domin dukansu ƙarya ɗaya suke yi wa wurin, cewa labari guda kawai ya taɓa faruwa a kansa. Wani abin ban dariya, ko na ban tausayi: a gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya da jar ƙasa. Hausa ta jiya tana da mazaunin girmamawa a Jos, ana zuwa kallonta, Hausa mai rai da ke gangaren gari ita ake gardama ko tana da izinin zama. A gidan nan dai ake ajiye gumakan Nok da masu haƙar kuza suka tono, waɗanda shekarunsu sun haura 2,000, kuma babu wanda ya san sunan da masu su ke kiran kansu ko ƙasarsu. Sunan ƙauyen da aka fara tsintar su aka ara musu.

Akwai ƙalubalen da Bahaushe mai karanta wannan ba zai so ji ba, amma adalci ya wajabta a kawo shi. Ɗan Birom zai ce, to ku a Kano fa? Sabon Gari ta Kano an kafa ta wajen 1913, sa'ar Jos ce ko ma ta girme ta kaɗan. Akwai Ibo da Yarbawa da aka haifi kakanninsu a can, suna jin Hausa kamar jakin Kano, suna biyan haraji da kuɗin rumfa, to wa ke kiran su Kanawa, kuma wa ke sa musu hannu a takardar ɗan asali cikin sauƙi? Wannan tambaya ba ta da amsa mai daɗi, kuma ba a kauce mata da cewa Kano tsohon birni ne, Jos kuwa sabo. In tsawon zama yana haifar da haƙƙi a Gangare, yana haifar da shi a Sabon Gari, wadda sunanta ma irin ciwon nan ne, sabon da ya haura shekara ɗari bai daina zama sabo a bakinmu ba. Alhali tarihin Kano kansa tarihin baƙi ne da suka narke: Wangarawa, Agalawa, Tokarawa, Larabawan Alfindiki, mutanen Zangon Barebari. Wasu unguwanninsu suna cikin ganuwa, kuma babu mai ce wa jikokinsu raɓa. Gaskiya ne cewa kuɗin shiga wancan narkewa shi ne addini da harshe, shi ya sa ba ta yi wa mutumin Sabon Gari aiki ba, kuma shi ya sa ba za ta yi wa mutumin Gangare aiki a tsakanin Birom ba. Amma ta nuna cewa Hausa ta daɗe da sanin baƙo yana zama ɗan gari, kuma asali abu ne da ake ƙullawa da zama. Zamanin takarda ne ya toshe hanyar, ya mai da rahoton da jami'in Bature ya rubuta a kan wa ya tarar a ina hukunci har abada. Hausawan Gana sun ɗanɗana irin wannan a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka ga mutanen da ba su san ko'ina ba sai zango suna tambayar hanyar garin kakanninsu. Wanda labarin nan ya sosa masa zuciya ba shi da bakin yi wa wani irinsa.

Mai duba al'amura ta fuskar abin duniya zai ce duk wannan wasa da kalmomi ne. Rikicin Jos rikicin gurabe ne da filaye da kujeru, in aka sami aikin yi babu mai tambayar asalin sunan unguwa. Akwai gaskiya a maganarsa, na kuma riga na ba shi ita. Amma gurbi ba ya raba kansa, da kalma ake raba shi. Kafin a hana mutum abu sai an fara samo masa suna, baƙo ko ɗan zuwa, kamar yadda kafin Bahaushe ya raina maƙwabcinsa na tsauni sai da ya fara kiransa arne, kalmar da ita ma ta bar tabon da har yau bai warke ba. Kuma sunan da aka ɗora wa mutane yana bin unguwarsu har wajen tsara gari. Wurin da ake yi wa kallon masaukin 'yan wucin gadi da wuya a yi masa tanadin shekara hamsin, mazaunansa kuma, tunda tsoro ya ja musu iyaka ba su iya bazuwa cikin gari yadda iyayensu suka yi, sai su yi ta cusa gini a kan gini, ɗa ya yi aure a yanka tsakar gida, jika ya yi aure a matsa bakin rafi. A watan Yulin 2012, a farkon azumi, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa da dare. Ruwan ya biyo tsohuwar hanyarsa ya shiga Rikkos da Gangare da sauran unguwannin da ke bakin rafi, ya rushe gidaje masu yawa, mutum fiye da 30 suka mutu. Da gari ya waye mutane suka bi gaɓar ruwa suna neman 'yan uwansu a cikin yashi da laka, a gindin irin rafukan da leburorin farko suka tsuguna da ƙwarya suna wankin kuza.